Ruwa Na Tafiya, Gishiri Na Zama

Tun muna yara, murjanin da muka sani shi ne jan abin wuyan nan da iyayenmu mata ke ɓoyewa a ƙasan adaka. Ba mu taɓa kawowa a rai cewa halitta ce mai rai ke samar da shi ba, sai da neman abinci ya kai mu Duwala, muka ga tankin gilashi cike da ruwan gishiri a gidan wani abokin aikinmu. Shi ya ba mu ɗan dutse ɗauke da murjani 5 na irin da ke kama da laimar kwaɗi: faifai mai taushi, baki a tsakiya, ƙafa ɗaya manne da dutse. Masana na kiran jinsinsa Discosoma. Ba shi da ƙashi kamar murjanin ado, kuma mafi yawan abincinsa yana samu ne daga wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke zaune a jikinsa tana sarrafa haske.

Aka shaida mana cewa babu murjani mai haƙuri kamarsa. Haske matsakaici yake so, da ruwa mai motsi a hankali, da zafi tsakanin digiri 24 da 26, da gishiri giram 35 a kowace lita, gwargwadon na teku. Gishirin ma ba na miya ba ne, akwai wanda ake haɗawa musamman. Muka tanadi tanki mai lita 100, muka jira makonni 6 kafin ruwan ya zauna, sannan muka ɗauko baƙinmu.

A nan kuskurenmu ya faro. Saboda zafin Duwala, mun kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, don haka kullum yakan ragu da kimanin lita guda. Mu kuwa, da kyakkyawar niyya, sai mu dama ruwan gishiri mu cike gurbin. Bayan wata guda murjanin ya takure, ya daina buɗewa da safe. Ɗaya ya saki dutsen, ruwa ya yi ta yawo da shi har ya narke. 'Yarmu mai shekara 8, wadda ta raɗa wa kowannensu suna, ta ce: "Baba, mu muka kashe shi?" Muka rasa amsa.

Da muka aro ma'auni, sai muka ga gishirin ya haura giram 44. Ashe ruwa kaɗai ke tashi ya bi iska, gishiri yana nan inda yake. Abin da muka ɗauka kulawa, ashe azaba muke ƙara musu kowace safiya. Ruwan da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake mayar da shi; ruwan gishiri kuwa sai ranar da aka kwashe wani kaso aka zubar.

Mun so mu gyara a dare ɗaya, abokinmu ya hana, domin sauyin gaggawa na iya ƙarasa waɗanda suka rage. Kwana 10 muka yi muna saukar da gishirin kaɗan-kaɗan. Huɗun suka farfaɗo. Bayan watanni, ɗayansu ya ɗan matsa gefe, ya bar ɓarɓashin ƙafarsa a kan dutsen, ɓarɓashin ya zama sabon murjani, don ta haka suke yaɗuwa. Yau mun ƙirga 19.

Ga mai sha'awar wannan kiwo, shawararmu ita ce ya sayi ma'aunin gishiri kafin ya sayi murjani, ya kuma ja layi a jikin gilashin inda ruwa zai riƙa tsayawa. Rai ne aka raba da mazauninsa, ba ya kuka, ba ya gudu, sai abin da muka zuba masa. A gidanmu yanzu 'yarmu ce ke duba layin kowace safiya kafin ta tafi makaranta. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.