Kada a jefar da abin da aka cire a tiyata



Aikina a ɗakin gwaji na asibiti ne a nan Legas, a sashen da ake kira histoloji. Nan ake kawo duk wata tsoka da likita ya yanko daga jikin mutum: ƙari daga nono, ƙarin mahaifa, maƙoƙo, kaluluwa, afendis, ko ɗan guntun da bai wuce ƙwayar gero ba daga cikin hanji. Mutanenmu na Agege da Mile 12 da Alaba Rago sun san inda nake aiki, don haka waya ba ta rabuwa da tambaya. Wani ya ce an yi wa iyalinsa aiki an miƙo masa roba, ya zai yi da ita? Wani ya ce sati guda ke nan ba sakamako, ko kuɗi ake so ya ƙara? Wani kuma ya riga ya binne abin kafin ya kira. Shi ya sa na ga ya dace in bayyana muku yadda aikin yake, domin rabin matsalolin da muke fama da su tun kafin tsoka ta iso gare mu suke farawa.

Duk wanda ya taɓa harkar fatar layya ya san dokar: in ba a zuba mata gishiri da wuri ba, gashi ya fara zuba, majemi ba shi da abin da zai yi da ita. Haka tsokar ɗan Adam take. Da zarar an raba ta da jini, ƙwayoyin halittar da ke cikinta sukan fara narkar da kansu, kuma zafin garin nan yana ƙara musu sauri. Gishirinmu shi ne fomalin. Wani likita Bajamushe, Ferdinand Blum, shi ya fara amfani da shi ta wannan hanya a 1893, bayan ya lura yana sa fatar yatsunsa ta yi tauri. Har yau shi ne ginshiƙin aikin. Kashi 10 cikin ɗari ake haɗawa, wato awo ɗaya na fomalin mai ƙarfi da awo tara na ruwa, kuma ana so ruwan ya ninka girman tsokar aƙalla sau goma.

Fomalin ba ya ratsa nama da sauri, kimanin milimita ɗaya yake shiga a awa guda. Ke nan in aka cusa ƙaton ƙari a ƙaramar kwalba aka ɗan yayyafa masa fomalin, bayansa zai kamu, cikinsa kuwa ya ruɓe. Akwai ranar da wani bawan Allah ya kawo mana ƙarin da aka cire wa matarsa daga nono a wani ƙaramin asibiti. Kwana biyu yana yawo da shi a cikin ruwan ƙarin ruwa, don haka aka ba shi. Mun bi da shi duk matakan aiki, amma da aka ɗora a maikroskof babu abin da ya rage na siffar ƙwayoyin. Likita bai iya cewa ciwon daji ne ba, bai kuma iya cewa ba shi ba ne. An sha wahalar tiyata, an biya kuɗi, an rasa amsar da aka yi aikin dominta. Irin wannan asara babu injin da ke mayar da ita.

In tsoka ta iso lafiya, sai a ba ta lamba, likitan sashen ya auna ta, ya yanka ta, ya zaɓi wuraren da yake zargi. Kowane yanki kaurinsa bai wuce milimita uku zuwa huɗu ba, ana sa shi a 'yar robar da muke kira kaset. Daga nan sai ya kwana a inji yana bin ruwa daki-daki: sifirit mai kashi 70, sai mai 90, sai tsantsa wanda ke tsotse ragowar ruwan jikin naman, sai zailin ya kori sifirit, sai narkakken kaki irin na kyandir ya shiga ya cika ko'ina. Da safe a zuba shi a mazubi ya daskare ya zama ɗan bulo. Wannan bulon ake ɗaurawa a maikrotom, injin da ke yanka shi siriri ƙwarai, har milimita ɗaya takan ba da yanka 250. Mai kilishi duk gwanintarsa bai kama ƙafar wannan ba. Sai a shimfiɗa yankan a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a kwashe shi da gilashi, a busar, a rina. Rini biyu ne na yau da kullum: hematoksilin, wanda ake samu daga wata bishiya ta ƙasar Meziko da maƙwabtanta, yana mai da cibiyar ƙwayar halitta shuɗiya, iyosin kuma yana ba sauran jikin launin ruwan hoda.

A faɗe abin kamar da sauƙi, amma kowace rana da irin rigimarta. Babbar abokiyar gabarmu a Legas ita ce laima. Tsantsar sifirit yana shan ruwa daga iska, musamman da damina. In ya sha, ba zai busar da nama yadda ya kamata ba, sai ka ga zailin ya yi fari kamar an ɗiga masa madara, bulo kuma ya fito da tsakiya mai laushi, reza na taɓa shi yana dagargajewa. Akwai wani farin gari na sinadarin tagulla da muke gwadawa da shi. In ya koma shuɗi, mun san ruwa ya shiga, sai a sauya sifirit a mayar da naman baya a sake bi da shi. Kwana ɗaya ya tafi ke nan.

Sai wuta. Kaki yana narkewa ne a wajen digiri 56 zuwa 58. In aka ɗauke wuta da dare janareta bai tashi da wuri ba, sai mu tarar ya daskare da kaset a ciki, ko injin ya tsaya nama ya kwana a zailin ya bushe ya yi ƙaraf kamar soyayyen ganda. In kuma na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya da rana, kakin yakan yi laushi ya ƙi yankuwa, sai mun jera bulo a kan ƙanƙara muna ɗauka ɗaya-ɗaya.

Da daɗewa a aikin nan mutum yakan koyi karanta aibi kamar yadda mafarauci ke karanta sawu. Layi miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa a jikin yanka, reza ce ta yi giɓi, ko akwai wani abu mai tauri a naman. Wani lokaci ƙwayayen tsutsar tsargiya ne da suka daɗe a bangon mafitsara har suka zama kamar tsakuwa. Yanka ɗaya kauri ɗaya siriri, wani kusa ne bai ɗauru ba. Yanka ya tattare, ruwan ɗumin ya huce. Ya wargaje, ruwan ya yi zafi da yawa. Shuɗin bai fito ba, ko dai rinin ya tsufa ko kakin bai gama fita daga gilashin ba. Ɗigo-ɗigon baƙi a nama mai jini kuwa, sau da yawa fomalin ne ya yi tsami, kuma abin yana kama da dattin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke bari a jiki, don haka dole a bambance.

Abin da ya fi ba ni tsoro ƙarami ne a ido. In aka gama da bulon wani ba a share saman ruwan ɗumin ba, ɗan ɓurɓushi na iya saura yana yawo, ya manne a gilashin mutum na gaba. In na farkon yana da ciwon daji, na biyun lafiyayye, kun ga inda za a kwana. Saboda haka bayan kowane bulo sai an goge saman ruwan da takarda, kuma ba a buɗe kaset biyu lokaci guda. Ba mu san fuskar masu naman ba, lamba kawai muke gani, amma mun san a kan abin da muka miƙa ne za a cire wa wata nono ko a bar mata shi.

Wannan ne ya sa sakamako ba ya fitowa rana ɗaya kamar gwajin jini. A wurinmu, in komai ya tafi daidai, kamar mako guda ne. Ƙashi yakan fi haka, don sai an jiƙa shi a sinadari ya yi laushi kafin reza ta ci shi. In likita ya ga alamar tarin fuka sai ya nemi rini na musamman. In sankarar nono ce, akwai ƙarin gwajin da ke nuna ko maganin haɗiya na homon zai yi mata aiki, kuma wannan gwajin yana bukatar a sa naman a fomalin cikin awa ɗaya da cire shi, ya zauna ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Kun ga har zaɓin magani ya rataya ne a kan abin da aka yi a awar farko.

To, ga roƙona. Tun kafin a shiga da mara lafiya, ku tambayi likita ko za a tura abin da za a cire gwaji, kuma ina. In aka ba ku a hannu, ku tabbata a cikin fomalin yake ya nutse sarai, a roba mai faɗin baki, domin nama yana tauri a ciki ya ƙi fita ta ƙaramin baki. Sunan mara lafiya ya kasance a jikin robar, don murfi yana iya musanyuwa. Ku kai ran nan ko washegari tare da takardar likita. Kada a sa a firiza, ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin. Kada a bar yara su taɓa, fomalin guba ne, yana kuma ƙona ido.

Na san da yawanmu abin da ke ransu shi ne a binne duk abin da ya fita daga jikin Musulmi, kuma ina girmama wannan. Amma mu ɗan kaɗan muke ɗiba. Ku faɗa wa sashen tun ranar da kuka kai cewa kuna son ragowar bayan an gama, a nuna muku ƙa'idarsu. Binnewa kafin gwaji tana nufin a koma gida da zato, ƙari ya dawo bayan shekara, ba wanda ya san da me ake yaƙi.

Masu komawa gida Kano ko Sakkwato ko Maiduguri don ci gaba da jinya, ku karɓi rubutaccen sakamako, ku kuma nemi a ba ku bulon da gilashin ku tafi da su. Bulo yana shekaru bai lalace ba, likitocin can za su iya sake yankawa su duba ba tare da an sake tsaga mara lafiya ba. Sai dai kada a ajiye shi a gaban mota cikin rana, kaki ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ne. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, zan amsa bayan na tashi aiki in sha Allahu.