Ƙarafa Huɗu da Fentin Mota Ke Ɓoyewa

Duk wanda ya tashi a Aboabo ya san cewa a bayan mota arzikin kasuwarmu yake shigowa. Masara, gero, gyaɗa da ƙwarar kaɗanya, haka suke isowa Tamale daga ƙauyukan Dagwamba da Gwanja. Kakanninmu da jakuna suka bi hanyar goro, iyayenmu kuwa suka koma ga mota, kuma babu wadda ta shiga ransu kamar Peugeot 504, wadda bakinmu ya mayar Fijo. A 1968 Faransa ta fito da ita, aka kuma yi shekaru ana haɗa ta a Kaduna. Yau kaɗan suka rage, akasarinsu gado ne, kuma gidan da ya gaji irin wannan mota wata rana sai ya tsaya a gaban bakanike, an sauke inji domin garambawul, ana shawara a kan konrod.

Konrod sandan ƙarfe ne da ke haɗa fistin da karanshaf. Injin Fijo silinda huɗu gare shi, saboda haka konrod ma huɗu ne. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kowane konrod yana hawa da sauka sau 50 a daƙiƙa guda, wuta na danna shi ƙasa, nauyin fistin na fizgarsa sama. Ranar da ya karye, yakan fasa jikin injin ya leƙo waje, kuma sau da yawa a tsakiyar hanya yake yin haka, da kaya da mutane a cikin mota.

Hanyoyi uku ne a gabanmu. Ko a gyara tsofaffin da ke ciki, ko a sayo na hannu waɗanda aka ciro daga wani injin, ko a ɗauki sababbi a kwali. Masu neman na hannu sukan gangara Suame Magazine a Kumasi, wasu har Abossey Okai a Accra. Sabo yana da daɗin gani, amma motar da aka daina ƙerawa, sabon kayanta ba kullum ake sanin inda ya fito ba. Akwai nagari, akwai kuma mai sheƙi da rahusa wanda ba a san irin ƙarfensa ba, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da muka gani a wurin tsofaffin makanikai shi ne, sun fi damuwa da awo fiye da sabunta. Da farko sukan duba launi. Idan babban bakin konrod ya yi shuɗi ko baƙi, alama ce bakin mai ya taɓa yankewa, metal ya ƙone, ƙarfen ya sha zafin da ya sauya halinsa. Irin wannan ajiye shi ake yi. Sannan a duba ko ya lanƙwashe ko ya murɗe, domin karkatar da ido ba ya gani ta isa ta sa fistin ya riƙa cin gefe guda na silinda. A auna tsawonsa daga rami zuwa rami, a auna zagayen ramin, a tabbata na injin fetur ne idan motar ta fetur ce, domin na dizal dabam yake.

Sai sharuɗɗa biyu da gaggawa ta fi sa a tsallake. Na farko, kowane konrod da hularsa, wato rabin zoben da ke rufe shi a kan karanshaf. Tare aka huda su, don haka hular wani ba ta zama daidai a kan wani, ko da notuna sun ɗauru. Na biyu, dole nauyin huɗun ya zo kusan ɗaya. Idan guda ya fi 'yan uwansa nauyi, inji zai riƙa rawa, ya cinye metal kafin lokacinsa. Shi ya sa idan ba a sami wanda ya yi daidai da sauran ukun a sikeli ba, gara a sayi huɗun daga inji guda. Notunan kuwa sababbi ake so, domin tsohon da ya riga ya miƙe ba ya riƙe ɗauri, kuma da sifana mai awo ake ɗaure su.

A nan hankali da aljihu suke rabuwa. Mai mota zai ce, "Maigida, guda ɗaya ne ya lalace, a sa guda mu tafi, kaka ta zo." Bakanike mai amana zai amsa, "Alhaji, kuɗinka ne, amma bari mu ɗora su a sikeli tukuna." Kowannensu yana da hujja. Kwana uku a gareji lokacin kaka asara ce ta gaske ga gidan da motar ke ciyarwa. Sai dai fasasshen inji tsakanin Buipe da Kintampo ya fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Mu dai ra'ayinmu ya karkata ga konrod na asali, huɗu daga gida ɗaya, waɗanda aka auna a gabanmu, ko da sun tsufa. Muna kashe kuɗi a kan fenti da kujeru da rubutun hikima a bayan mota, domin su ne jama'a ke gani. Konrod kuwa da zarar an rufe inji babu mai sake ganinsa, kuma a kansa rayukan fasinja suke. Saboda haka kafin a rufe, mai mota ya tsaya da ƙafarsa, ya ga launi, ya ga lambar da ke jikin kowane konrod ta yi daidai da ta hularsa, ya ga abin da sikeli ya nuna. Yaranmu da ke koyon kanikanci su ma a kira su su tsaya, domin Fijo za ta ƙare, amma duk injin da za su buɗe bayanta da wannan awon za su tarar da shi.