Hasumiyar Agadas A Idon Kyamara

Duk fataken da suka taɓa bin hanyar Zinder zuwa Agadas sun san abin da ido ke fara cin karo da shi tun daga nesa, watau hasumiyar babban masallacin garin. An gina masallacin a shekarar 1515, aka sabunta shi a 1844, tsawon hasumiyar kuwa mita 27 ne, kuma da jar ƙasa aka yi ta, itatuwa sun tsattsago daga jikinta, waɗanda magina ke takawa in za su yi yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Mutane da yawa sukan ɗauko hotonta, su dawo gida su tarar ya fito fari fat, sai su ɗora wa kyamara laifi. Alhali kuwa lokaci ne ba su zaɓa ba. Da azahar rana tana tsaka, ta kashe jan ƙasar nan, ta mai da sama kamar farin ƙyalle. Mai son hoto na kirki ya dakata sai bayan la'asar, sa'ad da rana ta yi sanyi ta karkata yamma. A sa'an nan haske yakan bugi ginin ta gefe, kowane itace ya shimfiɗa doguwar inuwa a bango, har sawun hannun masu yaɓe ya bayyana. Ya tsaya rana tana kafaɗarsa, ya tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11 domin na kusa da na nesa su fito sarai, ya bar ISO a 100, saurin ƙiftawa kuma kada ya gaza 1/125 in da hannu yake riƙe da kyamarar.

Kada ya tsaya gindin hasumiyar ya ɗaga kyamara sama. Da ma ginin tsukewa yake yi yana hawa, in aka ƙara masa da ɗagawa sai ya fito kamar zai kife da baya. Gara ya ja da baya sosai, ko ya roƙi wani maigida ya bar shi ya hau soro, sa'an nan ya jawo hoton kusa.

Sai batun hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yakan lulluɓe garin da ƙura, ta dushe launi, ta kuma shiga cikin kyamara in aka sake gilashinta a fili. A ganina ƙarshen damina ya fi, wajen Oktoba, lokacin da sama ta wanku.

Wanda ya leƙa kasuwar dabbobi kuwa, lissafinsa dabam ne, don raƙumi ba ya tsayawa kamar bango. Ya kai ƙiftawa 1/500, ya buɗe ƙofar haske zuwa f/4, ya saita a kan idon raƙumin, sai hayaniyar da ke bayansa ta dushe. Amma fa ya nemi izinin Buzun da ke riƙe da akala tukuna, haka kuma a ƙofar masallaci, in an tayar da salla ya mayar da kyamara cikin jaka.