Geron da Baba Saja yake kaiwa Kiyawa

Duk ranar 15 ga Janairu, idan na ga tsofaffin sojoji a talabijin ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, sai hannuna ya tsaya daga abin da nake yi. Bana ƙaramar 'yata ta gan ni tsaye da ludayi, ta ce, "Umma, kuka kike yi?" Na ce mata albasa ce. Da dare na kasa barci, shi ya sa na ɗauki waya na fara wannan rubutu.

Mahaifina soja ne. A unguwarmu a Garu babu mai kiran sunansa, yaro da babba Baba Saja suke cewa. Ya shiga soja a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, yana ɗan shekara ashirin. A lokacin ɗibar samari ake yi da gaggawa, domin sojojin Najeriya da ba su fi 10,000 ba kafin yaƙin sun kai kusan 250,000 a ƙarshensa. An kai su makarantar horar da kurata ta Zariya, bayan ɗan lokaci aka tura su gabas. Yana can har aka ajiye makamai a watan Janairun 1970. Bayan wasu shekaru ya bar aiki, ya dawo Dutse, ya koma gonar gero da 'yan bishiyoyin dabinon da ya gada.

Abin da na sani game da aikinsa ke nan lokacin da yake raye, shi ma daga bakin Inna na tsinta. Baba bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin yaƙi ba. A cikin ɗabi'unsa muka riƙa ganin yaƙin, ba mu kuwa san shi muke gani ba.

Kafin kiran sallar farko ya tashi. Zai buga ƙofar ɗakinmu da sandarsa sau uku, ba ya yin na huɗu. Butoci a jere suke kwana, takalma a jere, tabarma a naɗe. Mu da yayyena "fareti" muke kiran wannan tashin, amma a ɓoye. Idan ya dawo daga masallaci zai zauna a kan buzunsa da Alƙur'aninsa har rana ta fito, sannan ya kunna rediyo. Ni ban taɓa ganin ya rasa jam'in Asuba ba sai da ƙafa ta gagare shi.

Ba ya fara cin abinci sai ya tambaya, "Yara sun ci?" Idan kuwa ya ga an bar loma a kwano, ranar babu zaman lafiya. Wata rana yayana ya zubar da sauran tuwo a bayan ɗaki. Mun zata duka zai sha. Baba ya tsuguna ya tsince tuwon da hannunsa, ya ce, "Na ga yaran da cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja, suna kallon gwangwanin da na gama ci." Daga nan bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Haka kuma ranar hawan sallah, gari duka ya tafi ƙofar fada kallon dawaki, shi yana gida. Mun ɗauka tsananin addini ne. Sai daga baya Inna ta ce ƙarar bindigogin 'yan bindigar sarki ce ba ya iya ji.

Akwai abu ɗaya da na riƙe shi da shi a zuciyata shekara da shekaru. Duk lokacin da kuɗin fansho ya zo, ko aka yi girbi, sai ya ware gero, wani lokaci da 'yan kuɗi a ƙulle a leda. Zai ɗaure a bayan kekensa, ya bi ta Shuwarin ya ƙara gishiri da sabulu, ya wuce wani ƙauye a ƙasar Kiyawa. Ba mu da dangi a can. Idan muka tambaya, Inna ta ce, "Ba ruwanku." Ita ce ma take aunawa da kwanonta.

Ku da kuka taso a Dutse kun san yadda gari ya sauya bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agustan 1991. Ma'aikata suka taso daga Kano da iyalansu, 'ya'yansu suka shigo ajinmu da jakunkuna da takalma masu kyalli. A sallar 1993 fansho ya yi wata da watanni bai zo ba, ba a ɗinka mana komai ba. Amma ana saura kwana uku sallah na ga Baba yana ɗaure rabin buhu a keke. Ina 'yar shekara goma sha biyu, bakina ya fi ƙarfina. Na ce wa Inna da ƙarfi, don ya ji, "Baba ya fi son bare a kan 'ya'yansa." Ya ji. Ya tsaya da igiya a hannu, ya dube ni, ya ƙarasa ɗaurinsa ya fita. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Na yi aure, na haihu, kullum ina cewa wata rana.

Allah Ya yi masa rasuwa a daminar 2021. Ranar sadakar uku wani mutum mai furfura ya nemi izinin gaida Inna. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin takaba ya ce, "Inna, ni ne ɗanku na Kiyawa." Inna ta ce, "Na gane muryarka. Ya haƙuri?" Sai mutumin ya fashe da kuka irin na yara.

A bakinsa muka ji labarin. Mahaifinsa da Baba tare aka ɗauke su, a mota ɗaya suka tafi Zariya, rukuni ɗaya aka sa su. Ya bar mata da ciki, da tsohuwa wadda ba ta da wani ɗa namiji. A watan Afrilun 1969, lokacin da sojojin tarayya suke tunkarar Umuahia, harsashi ya same shi, ya cika a hannun Baba. Kafin ya cika ya ce masa ga tsohuwa, ga yaro. Baba ya ce ya ɗauka. Matar ta sake aure, yaron ya tashi a hannun kakarsa. Baba ne ya sa shi a makaranta, shi ya biya masa sadaki, shi ya ci gaba da kai wa tsohuwar hatsi har ta koma ga Allah. Mutumin nan yanzu malamin firamare ne mai 'ya'ya bakwai, babban cikinsu sunan Baba ya ci.

Da ya fita na ce wa Inna, "Me ya sa ba ku faɗa mana ba?" Ta ce, "Ya ce amana ce tsakaninsa da Ubangijinsa, in aka yi ta faɗa sai ta zama abin nuni." Na ce mata, "Inna, kin tuna abin da na faɗa a sallar nan?" Ta ce ta tuna. Ta ce daren ranar ya ce mata, "Yarinyar nan tana da gaskiya, haƙƙinta ne. Amma ita tana da uban da za ta yi wa fushi." Ta ce ya yafe mini tun a daren.

'Yan uwana iyaye mata, da yawanmu muna da irin wannan tsoho a gida: uba, ko kawu, ko suruki, wanda ya yi yaƙin basasa, ko ya je Labanon, ko Laberiya da dakarun ECOMOG a 1990. Muna ganinsu masu faɗa, masu tsauri, masu kafiya a kan ƙananan abubuwa. Akwai kuma matan da mazajensu ke daji a yanzu haka, a Borno ko Zamfara, suna kwana da waya a ƙarƙashin matashi. Idan tsohonku yana raye, ki kai masa fura ki zauna kusa da shi. Ba lallai ya ba ki labari ba, kada ki matsa masa. In kuma akwai kalmar da kika taɓa faɗa masa wadda take cin ki, kada ki jira wata rana irin tawa.

Washegarin ranar da na ce wa 'yata albasa ce, na tara yarana bayan Magariba na ba su labarin kakansu tun daga Zariya har Kiyawa. Babban ya ce yana son ya ga gidan. Mun shirya zuwa bayan sallah, kuma na riga na ware geron.

Allah Ya jiƙan Baba Saja da abokinsa, Ya kai haske kabarinsu, Ya tsare waɗanda suke bakin daga, Ya mayar da su ga iyalansu lafiya. Amin.