Uku sau biyar

Iyaye kan tambaye ni amfanin wahalar da yara da neman lambobin da aka ninka suka ba da wata lamba. To, makullin RSA mai tsare sirrin bankuna a intanet ya dogara ne ga wuyar wannan aiki in lambar ta kai ɗaruruwan alƙaluma.

A 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum za ta yi shi da sauri, ta hanyar lissafin Fourier, mai gano tazarar da jerin lambobi ke maimaita kansa. A 2001 masanan IBM suka gwada: 15 ta ba su 3 da 5. Ƴan ajina suka kwashe da dariya. Ni kam ban yi ba, albashina ta banki yake zuwa.