Zuwa ga ƙanina, kan warin fetur ɗin motarka



 Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Maganar da ka yi mini a waya ta tsaya mini a rai. Ka ce kullum da safe in ka tayar da Honda ɗinka sai warin fetur ya cika gidan, kuma mai ba ya auki kamar da. Don Allah kada ka ƙara kai yara makaranta a cikinta sai an gano inda take yoyo.

Na san abin da kake shirin yi, domin tare muka ga Baba yana ɗaure tiyon Fijonsa 504 da robar tayar keke, ta kai mu Zariya lafiya. Waccan kafireto gare ta, famfonta a hankali yake turo mai. Taka kuwa injekta ce, famfon na cikin tanki, kuma ƙarfin da yake matso fetur da shi ya fi na iskar da ke cikin tayarka, kusan ninki 10 na na Fijo. Tsagin da zai riƙa ɗiga a motar Baba, a taka feshi zai yi, a kan inji mai zafi. Roba ba za ta riƙe shi ba.

Ka fito da ita fili tun inji yana da sanyi, nesa da murhu da janareta. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa har wurin gawayin da ke ci a tsakar gida. Ka ajiye bokitin yashi kusa. Ruwa yaɗa wutar fetur yake yi. Da tocila za ka duba, ban da ashana.

Tun da dare ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta. Baƙin mai yana barin tabo mai maiƙo, fetur kuwa bushewa yake ya bar shata da wari, shi ya sa mutane ke cewa ba su ga komai ba. Da safe ka buɗe bonet, ka murɗa makulli har fitilun gaban sitiyari su kama, amma kada ka tayar. Za ka ji famfo ya yi ƙugi kamar daƙiƙa 2 daga bayan motar. Ka maimaita sau uku ko huɗu, sannan ka bi layin mai da farin tsumma. Ka fi mai da hankali bakin tiyo inda kilif ya cije shi, don nan roba ke fara tsagewa idan ta tsufa ta sha zafi irin na Kano. Ka shafa gindin kowace injekta, akwai ƙananan zobban roba da kan bushe. A ƙarshen bututun da injektocin ke manne akwai ɗan gwangwani mai daidaita matsin mai. Ka zare siririn tiyon iskarsa, in ka ga fetur a ciki, ya mutu, sai sabo. In kuwa sai ka cika tanki warin ke tashi, to matsalar na baya, a murfin tanki ko bakin famfo.

Kafin ka sa sifana a ko'ina, ka cire fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da mota ka bar ta har ta mutu da kanta, ka sassauta murfin tanki, sannan ka cire kan batir na baƙar waya. Wanda ya tsallake wannan, a fuskarsa fetur ke sauka. Ko bayan haka ka naɗe mahaɗar da tsumma kafin ka kwance.

In tiyo ne ke yoyo, ka ɗauki tsohon ka je da shi Ƙofar Ruwa don a gwada kauri. Ka nemi wanda aka rubuta 30R9 a jikinsa, shi ne na injekta. Kada a lallaɓe ka da tiyon ruwa don araha, fetur cinye shi yake. Ka sayi sabon kilif, zobban injekta kuma ka shafa musu ɗan baƙin mai kafin ka zura, don kada su yage. In ka gama, ka mai da fiyus da batir, ka sake murɗa makullin nan, ka bi da busasshen tsumma, sannan ka bar inji ya yi aiki kana kallo.

Abu biyu ne ban yarda ka taɓa ba: bututun ƙarfen da ke ƙarƙashi in ya yi tsatsa, da tankin kansa. Sabulun da direbobi ke gogawa a huda na kai mota gari ne kawai. Kuma kada ka bari kowa ya kusanci tankin da walda, ko da an juye man, don tururin da ya rage ya isa ya fasa shi. Gyaran waɗannan biyun sai bakanike.

Ka kira ni ranar Asabar in ka buɗe bonet ɗin, mu bi layin tare. Ka gaida Inna da mai ɗakinka da yara.

Wassalam,
Yayanka.