Siddabarun Kwamfuta da Labari a Fim

Tun 1993, da aka yi fim ɗin Jurassic Park a Amurka, masu shirya fim suka gane kwamfuta na iya zana dodo ya yi tafiya kamar mai rai. Yau ga shi har a finafinanmu na Kano boka na watsa wuta da tafin hannu, aljani na ɓacewa ɓat. To jama'a, wannan siddabaru ya ƙara wa labari armashi ne, ko kuwa ya raunana shi?

Ni dai a ɗakin kwananmu na sami ma'auni. In an dawo hutu, bayan an kashe fitila, kowa yakan ba da labarin fim ɗin da ya kalla. In na fashe-fashe ne da rushewar benaye, kafin minti biyar mai labari ya ƙare, sai ya ce, "Ai sai ka gani da idonka." Amma in aka ɗauko Labarina na Aminu Saira, sai mu raba dare muna gardamar wa ke da gaskiya, alhali babu dodo ko ɗaya a ciki.

Kakana, wanda ya yi zamanin silimar Palace ta Jakara, har gobe yana ba mu labarin Mother India na 1957, inda uwa ta harbe ɗanta don kare mutuncin 'yar mutane. Shekaru sun ja, amma abin bai bar zuciyarsa ba.

Duk da haka, kada mu ɗora wa kwamfuta laifin duka. A Baahubali na 2015 ta taimaka wajen zana birni da rundunar mayaƙa. Amma abin da ya sa mutane suka yi ta ɗokin kashi na biyu har 2017 tambaya ɗaya ce: me ya sa Kattappa ya kashe ubangidansa? Ashe kwamfuta gishiri ce, labari shi ne miya. Laifin na mai girki ne da ya cika tukunya da gishiri don ganyensa ya gaza.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai masu burin shirya fim, mu fara koyon tsara labari kafin mu koyi danna na'ura. Ku kuma iyayenmu, kada ku bar waya ta kore tatsuniya daga gidajenmu na cikin birni, don a nan ake fara koyonsa. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Allah Ya sa mu gane.